Ranar da wuƙata ta karye a hanyar Hawata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuta shi, domin akwai abin kunya a ciki, kuma kunyar tawa ce. Ni ɗan mahauci ne, jikan mahauci. In har akwai wanda wuƙa za ta kunyata a duk faɗin Sudan, bai kamata a ce ni ne ba.

A Maiwurno aka haife ni, a bakin Bahar Azrak, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, kudu kaɗan da Sinnar. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Makka suka nufa, Allah ya ajiye su a nan. Sana'ar gidanmu agashe, wato abin da 'yan'uwanmu na Kano da Katsina ke kira tsire. A nan har Balarabe agashe yake ce masa, kuma ya san hannun Bahaushe ne.

Baba yana da wuƙa guda ɗaya da ba ya bari kowa ya taɓa. Baƙa ce, ba ta da wani kyau. Tsawon ƙarfenta bai wuce tafin hannu ba, ƙotar itace ce mai ƙusoshi uku, kitse da gumi sun mayar da ita kamar an shafa mata kwalli. A gindin dalbejiyar tsakar gida akwai dutsen washinsa. Kullum bayan asuba zai zauna a kan 'yar kujera, ya ɗiga ruwa daga buta, sai ka ji shuu, shuu, shuu, har gari ya waye. In ya gama sai ya ɗora kaifin a kan farcen babban yatsansa. In ya kama, shi ke nan. In ya zame, ya koma. Yakan tuna mana hadisin da ya ce wanda zai yi yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Da wannan ƙara na tashi, kuma gaskiya a lokacin haushinta nake ji, don tana hana ni barcin safe.

Da na girma na koma Sinja, babban birnin jihar Sinnar, na kafa teburina kusa da kasuwa. Na sa gilashi, na sa fitila mai launi, na sayi fararen wuƙaƙe 'yan waje masu ƙotar roba, in ɗaya ta dakushe in jefar in sayi wata. Da Baba ya rasu na ɗauko Inna ta dawo wurina. Ita ta sa aka ɗauko dutsen nan a mota, na yi ta mita kan nauyinsa. Wuƙar Baba kuwa ta koma madafa, maiɗakina tana fere kabewa da ita.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Muka ce abin na can nesa. A watan Disamba Madani, babban birnin jihar Jazira da ke arewa da mu, ta faɗi, sai ga Sinja ta cika da mutane, makarantu da masallatai duk 'yan gudun hijira. Wasu a teburina suke ba da labarin yadda suka yi kwanaki a daji, ba ruwa ba wuta. Daga nan na fara shiri a ɓoye: tocila, igiya, jarka, 'yan kuɗi a ɗinke cikin wando. Rannan ina wucewa ta wurin masu baza kaya a ƙasa, idona ya faɗa kanta.

Wallahi ta yi kyau. Tsawonta ya kusa kamu ɗaya, tana ƙyalli kamar madubi, bayanta haƙora irin na zarto. Ƙotar ƙarfe ce mai rami a ciki, da murfi mai juyawa. In ka buɗe, ga ashana, ga ƙugiyar kamun kifi da zarenta, ga allura. A kan murfin kuma ga 'yar na'urar nan mai nuna gabas da yamma. Mai kayan ya ce irinta sojojin Amurka ke riƙewa. Na ba shi cinikin kwana uku ban ko taya sosai ba. Da na kai gida na zare ta a gaban Inna, ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Wannan ta yanka ce ko ta ado?" Na yi dariya na ce Inna ba ki san kayan zamani ba.

Wata shida tana ƙarƙashin katifa. Ko albasa ban yanka da ita ba. Tattalinta nake yi, wai kada ta dakushe kafin ranar buƙata. Ni da na san ba a fafe gora ranar tafiya.

Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni, 2024. Da wuƙar Baba na yanka ragon, don ita maiɗakina ta miƙo mini, kuma ja ɗaya na yi. Ko wannan bai sa na yi tunani ba. Bayan 'yan kwanaki muka ji Jabal Moya, yankin duwatsu da ke yamma da garin Sinnar, ta faɗi. Ranar Asabar 29 ga wata, harbi ya shigo cikin Sinja kanta. Ina tuna tsayuwata a tsakar gida, yara na kuka, wuƙa biyu a hannuna. Ban yi wani dogon nazari ba. Na ajiye ta Baba a kan dutsen washi, na soke sabuwar a ƙugu. Wannan ajiyewar ita ce abin da har yau nake gani in na rufe ido.

Mu takwas ne: ni, Inna, maiɗakina, yaranmu uku, ƙanwata da jaririnta. Masunta 'yan'uwanmu suka tsallakar da mu a kwale-kwale cikin dare. A wani ƙauye a gabashin kogi kawuna ya ba mu jakinsa da karo, wato amalanken jaki, saboda Inna tana da ciwon sukari, ƙafafunta ba sa ɗaukar tafiya. Ya ɗora mana buhun dawa ɗaya, ya ce mu nufi Dindir, daga can Hawata, daga can Gadarif.

Tun kafin a je ko'ina wuƙar ta zama mini kaya. A wani shinge na masu bindiga, a gabanmu aka kwantar da wani saurayi a rana ana dukansa, laifinsa kawai takalminsa ya yi kama da na soja. Cikina ya ɗuri ruwa. Na zame bayan karo na cusa wuƙar can cikin buhun dawa. Wani tsoho da ke gabana da laujensa da 'yar wuƙarsa a fili, ko kallonsa ba su yi ba. Kayan aiki daban, abin da ya yi kama da kayan yaƙi daban, kuma a irin wannan hanya bambancin yana iya zama ran mutum. Sai da muka haye gadar Dindir muka yi nisa, sannan na ciro ta.

Wanda bai san ƙasar da ke tsakanin kogin Dindir da kogin Rahad ba, ba zai gane abin da damina ke yi a can ba. Baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage har ƙafa na faɗawa, da ruwa ya sauka kuma ta zama danƙo. Kowane taku sai ta manne maka, ta ƙaru, ta ƙaru, har ka ji kamar turmi kake ja a kowace ƙafa. Tayar karo kan cika ta daina juyawa, sai an tsaya an kankare da hannu.

Kwana na uku, bayan la'asar, muka iso wani kwari. Ba a yi ruwa a kanmu ba ranar, amma gabas ta yi baƙi tun hantsi. Ruwan kwarin iya gwiwa ne, mutane suna ta hayewa. Na sa mata da yara suka haye da ƙafa, na ja jaki muka shiga, Inna na zaune a sama. Muna tsakiya tayar hagu ta nutse. Ina turawa, ina dukan jaki, sai na lura ruwan da ke gwiwata ya kai cinya, ya kuma canja launi, yana tafe da karmami da kashin shanu. Na goya Inna na kai ta gaɓa. Kafin in juyo karo ya kife, ya ja jakin ƙasa.

Na koma da gudu. Jakin na kwance a gefensa, ya ɗaga hanci sama, igiyar leda ta ɗaure shi da sandunan karo ta ƙirji da ciki. Igiya biyu kawai zan yanke ya tashi. Aikin da wuƙar Baba za ta yi kafin a ce kwabo. Na zaro tawa na ɗora a kan igiyar, na ja. Ta zame. Na sake ja, ta sake zamewa, kamar da bayan cokali nake yi. Ashe ƙyallin nan duk ba kaifi a ƙarƙashinsa. Na juya ta na sa haƙoran zarton, suka cije cikin zaren igiyar suka maƙale, ba gaba ba baya. Na murɗa da ƙarfi. Sai na ji ƙas.

Ƙarfen ya tafi cikin ruwa. Ni kuma ga ni tsaye, ruwa iya ƙirji, riƙe da ƙota, allurar na'urar da ke kan murfin tana ta rawa tana nuna mini arewa.

Na gwada kwance ƙullin da hannu, na gwada da haƙori. Jiƙaƙƙiyar igiyar leda da dabba ta ja ba ta kwantuwa. Jakin yana kallona har ruwa ya rufe idonsa. Na yanka dabbobi ba adadi a rayuwata, ban taɓa jin abin da na ji a kan wannan jaki ba. Wasu samari ne suka janyo ni. Buhun dawa ya tafi, jarka ta tafi, jakar maganin Inna ta tafi.

Daren nan ba mu hura wuta ba. Ashanar da ke cikin ƙotar ta jiƙe ta zama tuwo. Na zauna nesa da kowa ina duba abin da ya rage a hannuna. Inda ƙarfen ya haɗu da ƙota, wani ɗan tsinke ne bai kai gaɓar ƙaramin yatsa ba, aka ɗaure shi da noti. Dama ina ƙarfe zai samu wurin shiga, tunda an bar cikin ƙotar fanko don a zuba ashana? Abin da ya burge ni a kasuwa shi ne ainihin cutar. Can Inna ta kira ni. Ta kwance haɓar zaninta, ta ciro 'yar wuƙarta ta yankan kuɓewa, wadda washi ya cinye har ta zama siririya kamar ganyen dabino, a naɗe cikin tsumma. Ta ce, "Ungo, kada a ce namiji ba komai a hannunsa." Ba ta ƙara ko kalma ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ashe duk kokawar da nake yi a ruwa, wuƙar da za ta yanke igiyar tana jikin wadda na goya.

Da safe Allah ya kawo mana wani dattijon Bafillace da shanunsa, suna yin arewa kamar yadda suke yi kowace damina. Ya ba yara madara. Na ce masa, "Baffa, tsohuwa ce da ni, ba ta iya tafiya." Ya zaro wuƙa daga kuben da ke damtsensa, gajeriya mai kauri, ya nufi wata bagaruwa. Ban taɓa ganin an sare reshe mai kaurin dantse da ƙaramar wuƙa ba sai ranar. Ba sara ya yi ba. Ya ɗora kaifin a karkace, ya ɗauki guntun ice yana bugun bayan wuƙar, ya cire ɓarɓashi, ya juya ta ɗaya gefen, kamar mai sassaƙa turmi. Kafin rana ta ɗaga ga sanduna biyu, ya fere ƙayoyin, ya yi musu gurbi inda igiya za ta zauna. Na nuna masa ƙotar tawa. Ya leƙa ciki, ya jinjina ta, ya ce, "Ɗana, ai ƙarfen nan bai shiga ba, leƙawa kawai ya yi." Na roƙe shi ya sayar mini da tasa. Ya ce ko da saniya ba zai musanya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Muka ɗaura bargo a tsakanin sandunan muka ɗora Inna. Ta ce, "To, kun fara ɗaukata a makara tun da raina." Kowa ya yi dariya ban da ni. Kwana huɗu muna ɗauke da ita, ni da samarin da Allah ya haɗa mu, waɗanda har yau ban san garinsu ba. A kwanakin nan 'yar wuƙar kuɓewar ce ta yi mana komai. Da ita na cire ƙaya daga diddigen 'yata, da ita muka yanka tsumman ɗaure ƙafa, muka fere tsinken hura wuta daga cikin ice inda ruwa bai kai ba. Da akuyar wasu mutane ta kasa, da ita na yanka na feɗe, muka raba. In ta dakushe sai in kifa finjalin shayin ƙanwata in wasa ta a kan da'irar gindinsa, inda ba santsi. Na tarar hannuna bai manta abin da ya gani a gindin dalbejiya ba.

Daga Hawata muka samu tarakta mai jan tirela zuwa Gadarif, aka sauke mu a wata makaranta. Ƙafar Inna da ta sha laka ta yi gyambo, ga kwanaki ba magani, duk ta rame. A watan Agusta aka sanar da ɓarkewar kwalara, ta shigo inda muke. Masu ƙarfi sun tashi. Inna kwana biyu ta yi. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Na san ajali ba ya jira, na san ko da jaki goma ne kwananta ba zai ƙaru ba. Maiɗakina ta sha gaya mini, "Malam, ba wuƙa ce ta kashe Inna ba." Na yarda. Amma da dare lissafi nake yi: da igiyar ta yanku, da jaki ya tashi, da jakar magani ba ta tafi ba, da kwana biyu za mu yi maimakon huɗu. Wata biyu na yi ba na son ganin nama. Abincin takiyya muke ci, wato girkin taimako da mutanen unguwa ke yi, ni da ke ciyar da mutane.

Yunwar yara ce ta tashe ni. Wani ɗan'uwa ya ara mini tebur, na tafi layin maƙera neman wuƙa. Na samu wani tsoho Bahaushe, na gaishe shi, na ce ina son mai kyau. Ya ce, "Mai kyau ko mai aiki?" Sai kawai na zauna na ba shi labarin duka, shi ne mutum na farko da na gaya wa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya jawo guntun sifirin na tsohuwar lori ya ce in dawo jibi, amma in ina so in zauna in gani.

Na zauna. Ya zuga wuta, ya buga ƙarfen ya miƙe, ya fitar da baki, sannan ya bar masa jela mai faɗi har ƙarshen inda ƙota za ta tsaya. Ya ce in riƙa duba wannan kafin komai: in ga ƙarfe a tsakanin itatuwan ƙota tun daga sama har ƙasa, da ƙusoshi sun ratsa shi. In ba a ganinsa, in tambaya, in mai kaya ya fara kame-kame in ajiye masa abinsa. Da ƙarfen ya yi ja ya tsoma shi cikin baƙin mai, ya goge, ya sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin busasshen kara. Ya ce tsomawar ce ke ba shi tauri, ɗumamawar ke hana shi karyewa kamar kwalba. Ya ba ni magagari in goga a bakin. Wanda bai sha wuta daidai ba, magagari na cinsa kamar sabulu. Wannan kuwa da ƙyar yake kamawa.

Na ce a ƙara mata tsawo, ya ƙi. Ya ce doguwar wuƙa ba ta zama adda ba, ba ta kuma yi aikin wuƙa ba, in sara nake so in sayi adda ko barandami. Da na auna daga baya, bakin santimita 12 ne, kaurin bayan kamar milimita 4, daidai yadda zai ɗauki bugun ice irin na Baffa. Ba haƙora, don haƙora ba sa wasuwa a dutse. Ƙotar ba santsi, ya sa na jiƙa hannu da ruwa da mai na riƙe, ya ce in murɗa in ji ko tana juyawa. Wuƙa mai naɗewa kuwa ya ce ta aljihu ce, a yanka lemo a fere fensir, amma duk abin da ke da gaɓa a gaɓar yake mutuwa, ga jini da ƙasa na taruwa a ciki. Ya aike ni wurin baduku a ɗinka kube mai kama ta, wanda ko an kifa ba ta faɗowa.

Aibinta ɗaya, kuma bai ɓoye mini ba: tana tsatsa. In ta kwana da danshi da safe za ka ga ja-ja. Sai an goge an shafa mata kitse ko man riɗi, wanda Gadarif ba ta rasa shi. Ban ce duk farar wuƙa banza ce ba, akwai masu kyau ƙwarai da ba sa tsatsa, in mutum yana da kuɗinsu kuma ya san inda zai samu ta gaskiya. Amma baƙin ƙarfe ko a dutsen bakin hanya ka wasa shi zai kama. Kafin in biya, tsohon ya tsoma igiyar leda a ruwa ya miƙo mini. Hannuna na rawa na ɗora. Ja ɗaya. Na juya baya don kada yaransa su ga fuskata.

Yanzu kullum tana aiki, da ita nake yanka naman agashe, da ita nake fasa icen wuta, na san inda take ja da inda take ƙi. Babban ɗana ma na sa an ƙera masa ƙarama, da sharaɗin ya yi wata guda yana aiki da ita a gabana kafin ta zama tasa.

An ƙwato Sinja a watan Nuwamba. Bayan wasu watanni na je ni kaɗai in ga gida. Ba ƙofa, ba taga, ba gado, har wayar lantarki an zare daga bango. Na nufi tsakar gida kai tsaye, ina ta addu'a a zuci. Wuƙar Baba ba ta nan. Na tona shara, na duba madafa, na tambayi maƙwabcin da ya riga ni dawowa, babu.

Dutsen yana nan inda yake, ciyawa ta kewaye shi. Tsakiyarsa ya lotsa kamar akushi saboda shekarun da Baba ya yi a kansa, ruwan sama ya bar busasshiyar laka a cikin lotsawar. Na kankare, na ɗiga ruwa daga gorata, na zaro tawa na ɗora. Ba ta zauna daidai ba, ramin na wata wuƙar ne. Na naɗe shi a buhu na kai tasha, yaron mota ya ɗaga ya ce sai na biya masa kuɗin mutum ɗaya. Na biya.